Randar Ƙofar Shago

Makon jiya wasu samari suka shigo layinmu da gwangwanin jan fenti. Rigunansu iri ɗaya masu ƙyalli, wannan na jan igiyar awo, wancan na latsa waya, suna bin shaguna suna zana alama a bango. Wai hukuma ta ce duk abin da ya fito gaban layin da suka ja za a kawar da shi, don masu zuwa sayayya a sababbin benayen nan su sami inda za su ajiye motocinsu. Hankalin maƙwabtana ya tashi, mai sayar da atamfa har da ƙwalla. Ni kuwa ina kan kujerata ina kallonsu, dariya ma ta so ta kama ni. Jikana, wanda ke riƙe da shagon yanzu, ya ce, "Tsoho, kai abin bai dame ka ba ne?" Na ce masa na ga wannan wasan tun ba a haifi uban wanda ya aiko su ba. Launi kawai aka canja, mu a zamaninmu da farar ƙasa aka ja layin.

Wanda ya san layin nan yau ba zai yarda da yadda yake a da ba. Hanya ce ta jar ƙasa, shagunan laka sun jeru gefe guda, kowane da rumfarsa ta zana ko ta tsohon kwano. Rumfa na haɗe da rumfa, har mutum ya iya tafiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan rana ba ta taɓa ƙeyarsa ba. Cikin shago wurin ajiya ne kawai, ga duhu ga zafi, sana'a a rumfa ake yin ta. Da asuba kiran salla ke tashinmu, sai begilar barikin soja ta biyo baya, can kuma ka jiyo kukan jirgin ƙasa daga wajen kogi. Hantsi na ɗagawa layi ya ɗauka. Keken ɗinkin babana na ta zuba, zarton Baba Yohanna kafinta na amsa masa daga rumfar da ke jikin tamu, masu jakuna sun shigo da itace daga wajen Kawo, 'yan fura da nono na kiran masu saye. Leburori kuwa garke-garke suke wucewa daga Unguwar Shanu da Abakpa zuwa inda ake gina ofisoshin gwamnati, da yamma su dawo jikinsu fari fat da siminti. Kaduna a lokacin garin baƙi ce, ba wanda aka haifi kakansa a cikinta, kowa da irin Hausar da ya zo da ita. Mota idan ta wuce sai yara sun bi ta da gudu, manya kuma su faɗi sunan mai ita. Yanzu ƙarar janareta da ham ɗin motoci sun cinye komai, ko sallamar maƙwabcinka sai ka karanta a leɓensa.

A bakin rumfarmu, dab da hanya, akwai wata babbar randa da babana ya binne har wuya a cikin yashi. Faifai a bakinta, moɗa ɗaure da igiya a jikin ginshiƙi. Duk mai wucewa ya buɗe ya sha ya tafi, ba sallama, ba godiya. Babana ya sha ba mu labarin dalilinta. Ranar da ya fara shigowa garin nan da ƙafa daga ƙauyenmu na ƙasar Zazzau, bai san kowa ba, ƙishirwa ta kama shi har yana ganin duhu-duhu. Ya tsaya a ƙofar gidaje da dama, kunya ta hana shi roƙon ruwa, a ƙarshe a wani kududdufi ya durƙusa ya sha tare da awaki. Ya ce a nan ya yi wa Allah alkawari, in dai ya sami ƙofa tasa a garin nan, ba baƙon da zai wuce ta da ƙishi. Da ya kama shago, kafin ya sayi kujerar zama ya sayi randa, shi da Baba Yohanna suka haƙa mata rami.

Tun ina ƙarami hidimarta a kaina take. Kafin rana ta fito in jido ruwa daga famfo da garwa, in cika ta, in yayyafa wa yashin gindinta don ruwan ya yi sanyi. Ran Juma'a a kwashe a wanke ta tas, Inna ta aiko da garwashi da ɗan ƙaro a turara ta, ruwan ya kwana yana ƙamshi. Idan mun tafi masallaci Baba Yohanna ke tsaron shago, shi ke ƙara mata ruwa, mu kuma ran Lahadi mu kula da katakonsa har ya dawo daga coci. Duba-gari kan zo ya leƙa cikinta neman 'ya'yan sauro, bai taɓa samu ba, sai ya sha ya rufe ya wuce. Doka ɗaya babana ya kafa mini a kanta, kuma na sha ranƙwashi kafin ta zauna mini. Ya ce, "Idan mutum ya tsaya shan ruwa, ka sa idonka a kan allura. Kada ka kalle shi, kada ka sa ya ji sai ya gode maka." Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya kira ni da yayana ya ce keke nawa ne, shago namu ne, randa kuwa ta mutane ce, kada mu bari ta wuni ba ruwa.

Mu biyu ne maza a gidanmu. Yayana shi aka sa a makarantar boko, ni aka bar ni a gindin keke, kuma ban taɓa jin haushin haka ba, don ni da zaman aji ba ma ga maciji. Ya gama ya zama akawu a ofishin da ke kula da gine-ginen gari. Farin gajeren wando, doguwar safa, alƙalami a aljihun gaba, kekensa kullum a goge. Da yake ɗan fari ne Inna ba ta kama sunansa, Akawu take ce masa, har sunan ya bi shi. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Mutum ne dai da ya yarda cewa duk abin da aka zauna aka tsara a ofis an tsara shi ne da hankali. Ni kuwa a lokacin gemuna bai gama fitowa ba, kaina da zafi, bakina ya fi almakashina kaifi.

Lokacin an fara naɗa 'yan ƙasa manyan muƙamai, motoci sun ɗan soma yawa. A ƙarshen layinmu wani kamfani ya buɗe ƙaton kanti mai tagogin gilashi, inda matan Turawa da sababbin manyan ma'aikata ke sayayya. Ba a jima ba sai ga masu awo da sarƙarsu da turakunsu, suka ja layin farar ƙasa dab da bangon shagunanmu. Yayana ne ya zo ya yi mana bayani, muka taru a rumfar mai gyaran keke. Ya ce daga yanzu ba gini a layin kasuwanci sai da izini. Ba rufin ciyawa, ba zana, saboda gobara. Kowane shago a fitar masa da taga, fuskar shaguna ta zama a jere. Wannan duk mun ji, don mun taɓa ganin abin da wuta ta yi wa wani layi. Sai ya zo kan na ƙarshe, ya ce tsakanin bango da hanya a bar shi fili, ba rumfa, ba tebur, ba komai, za a zuba tsakuwa a daddaɓe ya zama wurin ajiye motoci.

Na ce, "Yaya, motar wa za ta tsaya a ƙofar shagona? Mai kawo mini facin wando da mota zai zo?"

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Ba don yau aka yi dokar ba. Garin nan shi ne hedikwatar Arewa, nan gaba motoci za su cika shi."

"To idan gaban ta zo ma yi magana. Randar Baba fa?"

Ya ce, "Ka shigar da ita cikin shago. Duk mai so ya shiga ya sha."

A nan raina ya ɓaci sosai, don na san ya san amsar. Randa a cikin shago ai ta mai shago ce. Lebura da ƙafarsa duk taɓo ba zai taka tabarmarka ba. Matar aure ba za ta kutsa ɗakin da namiji ke zaune ba. Baƙo sai ya yi sallama, ya gaishe ka, ya roƙa, ka ba shi, ya gode. Abin da ya hana babanmu shan ruwa ke nan har ya durƙusa a kududdufi. Na faɗa masa haka a gaban jama'a, ban rage murya ba, na ƙara da cewa a inda Baba ya binne ta a nan za ta zauna, sai dai a binne ni tare da ita.

Da yamma maganar ta bi mu gida. Inna na zaune tana tsince shinkafa, ta saurare mu har muka gaji. Ba ta ɗago ba ta ce, "Akawu, ba yadda za a yi a bar ta?"

Ya ce, "Inna, ba ni na rubuta ba. Idan aka cire na kowa aka bar namu, cewa za a yi don ƙanena ne. Da wane ido zan kalli sauran?"

Ta ce, "Ni dai na san hannun da ya binne ta." Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Washegari Baba Yohanna ya kira ni rumfarsa. Dattijo ne daga kudancin ƙasar Zazzau, ba ya son hayaniya, kullum da fensir a bayan kunne. Ya ce, "Ɗana, ko ka yarda a matsar da ita, ba za ta matsu ba. Randar da ta daɗe haka a ƙasa, gindinta ya riga ya kama. Ni na riƙe ta babanka yana zuba yashi. Duk wanda ya ɗaga ta, rabi zai ɗaga." Na ce to shi ke nan, ita ma ta faɗi ra'ayinta.

Ana gobe wa'adin da suka ba mu zai cika, kowa ya kwance rumfarsa da hannunsa don ya tsira da zanarsa da itatuwansa. Layi ya zama tsirara, ka hango ƙofofin shaguna baƙi ƙirin. Tawa kaɗai ta rage. Da safe na cika randa har baki, na fito da keke inda na saba, na ɗauko wata riga na hau ɗinki. Can sai ga babbar mota ta sauke leburori da diga da shebur, helumansu, wato shugabansu, wani dogon Bazabarme a gaba. Bayansu wani saurayin Bature da hular rana, fuskarsa ja wur, yayana na gefensa yana yi masa tafinta. Ban tashi ba. Suka kwance igiyoyi, suka ɗage zana daga kaina, rana ta sauko mini a tsakiyar ka. Suka tuge ginshiƙai ina ta taka keke, ɗinkin ma ban san inda yake tafiya ba. Heluma ya kwance moɗa daga ginshiƙin ƙarshe, ya rasa inda zai sa ta, sai ya ɗora ta a kan faifai.

Saura randa. Baturen ya nuna ta da sandarsa. Ba wanda ya motsa. Ya sake nunawa, leburori suka shiga kallon ƙafafunsu. Heluma ya matso ya cire hularsa ya ce, "Ranka ya daɗe, rumfa aikinmu ne, mun cire. Amma duk mutanen nan da ka gani, ba wanda bai sha ruwan nan ba, safe da yamma. Ni ranar da na sauka a garin nan shi na fara sa wa cikina. A ba mu wani aikin." Yayana ya juya maganar da Turanci, muryarsa ƙasa-ƙasa. Baturen bai yi faɗa ba. Ya dubi agogonsa, ya faɗa wa yayana wata gajeriyar magana. Ba na jin Turanci, amma na ga yadda fuskar Yaya ta canja. Daga baya na ji abin da ya ce, wai tunda randar gidansu ce shi ya cire ta, in kuma ba zai iya ba a nemo wanda zai iya aikin akawu.

Yaya ya jingine kekensa ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Ba ni bokiti in kwashe ruwan."

Ban ɗago ba na ce, "Ruwan ba nawa ba ne. Ka tambayi masu shi."

Ya juya zai nemi abin kwasa, heluma ya ce, "A'a, Malam Akawu, ba za a zubar a ƙasa ba." Ya ɗauki moɗa ya yi bisimilla ya sha, ya miƙa wa na bayansa. Haka suka jeru. Leburori suka sha, mai gyaran keke ya sha, Baba Yohanna ya sha, 'yan fura suka ajiye ƙwaryarsu suka sha, har waɗanda ba sa jin ƙishi. Ba ka jin komai sai moɗa na taɓa randa. Abin da ya rage aka ɗebo wa jakunan masu itace. Baturen ya koma inuwar mota ya tsaya.

Aka miƙo wa Yaya diga, ya girgiza kai. Ya durƙusa da farin wandonsa a cikin jiƙaƙƙen yashi, ya shiga tonawa da hannu, a hankali, yana zagaya ta. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Na san abin da yake so, so yake ya fitar da ita lafiya ya kai mini ciki, ya cika umarni bai fasa kayan Baba ba. Ina gani, ban taya shi ba, kuma har gobe ba zan ce na yi kuskure ba. Da ya ga ya kai ƙasa sai ya rungume ta ya ɗaga. Muka ji ƙas. Ya miƙe da wuyan randa da rabin cikinta a ƙirjinsa, gindin na nan a rami da ɗan ruwa a ciki. Ya daɗe tsaye a haka, laka har gwiwarsa.

Ya ce, "Wallahi so na yi in fitar da ita lafiya."

Na ce, "Kai wa Baturenka, ya ajiye motarsa a ciki."

A ranar suka zuba tsakuwa suka daddaɓe, wuri ya yi sumul. Washegari tun da sassafe na nufi inda matan Gbagyi ke kasa tukwane, waɗanda a lokacin Gwarawa muke ce musu. Na zaɓi randa mafi girma, na ɗora wa jakin wani mai itace. Baba Yohanna ya ga na sauke ta, bai tambaye ni komai ba, ya shiga shago ya fito da diga. Muka fasa sabuwar tsakuwar hukuma, muka yi ta tono har muka iske tsohon gindin, na ɗora sabuwa a cikinsa daram. Kafin leburori su taso daga aiki ruwa na jiransu. Da yake ba inuwa, na ɗinka mata riga da buhun algarara ina jiƙa shi, Baba Yohanna ya yi mata murfin katako a kan faifai.

Ba ta daɗe ba aka zo aka ɗauke ta. Na kawo wata. Aka ɗauke, na kawo wata. Har matan nan masu tukwane suka gane ni, da sun hango ni sai su fara dariya, babbarsu ta ce, "Tela, kai cin randa kake yi ne?" Daga baya aka turo 'yan sanda, na kwana a hannunsu, aka kai ni gaban alƙali. Ya karanto laifina, wai na tona filin hukuma na tare wurin motoci. Ya ce, "Za ka sake?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan yi maka ƙarya ba. Wadda aka kamo ni a kanta ma akwai ƙanwarta a cikin shago tana jira." Mutane suka fashe da dariya har sai da ɗan sanda ya tsawata. Aka ci ni tara, na biya, na dawo na tarar Baba Yohanna ya riga ya binne ƙanwar ya cika ta. Motocin da aka kore mu dominsu kuwa, duk tsawon wannan rigima ban ga wadda ta tsaya a ƙofata ba, can ƙofar babban kanti suke taruwa. Filin namu awaki ne ke kwana a kai.

Abin da ya fi tara ciwo shi ne ni da Yaya. Muka daina magana. Ya canja hanyar zuwa ofis don kada ya bi ta layinmu. A gida idan na shigo ya fita, tuwo ma aka koma raba mana kwano. Inna ta rame, na sha ganinta tana share ido da bakin zane. Amma ko sau ɗaya ba ta ce mini in bari ba, kuma duk Juma'a sai ta aiko da garwashi da ƙaro kamar yadda ta saba. Ni kuma na ƙudurta a raina ko shekara nawa za a yi, ba zan je in ba da haƙuri a kan ruwan da aka bar mini amana ba. Ina kewarsa ƙwarai, don shi ya goya ni ina ƙarami, shi ya koya mini hawan keke. Kewar ba ta sa na sassauta ba.

Wata rana da bazara, rana tsaka, zafi har kwano na ƙara, ina bakin ƙofa inda na koma da keken ɗinki tun da aka cire rumfa. Sai na ji an tsayar da keke a kan tsakuwa. Ta gefen ido na hango farar safa da baƙin takalmi, na gane su. Da kayan ofis yake, masinjan ofishinsu na biye da shi, ga mutanen layi duk suna kallo. Ya tsaya a gaban randar da ofishinsa ya sha aikowa a ɗauke. Na ji ya ɗage murfi, na ji moɗa ta nutsa. Wuyana na so ya ɗago, na tuna ranƙwashin Baba, na kafe idona a kan allura. Ya sha, ya ƙara, ya mayar da faifai ya rufe.

Ya ce, kamar da iska yake magana, "Ba ta kai ta Baba sanyi ba."

Na ce, kaina na sunkuye, "Sabuwa ce. A bar ta ta daɗe."

Ya hau kekensa ya tafi. Hawaye suka hana ni ganin zare, rigar da ke hannuna sai da na farke ta na sake. Daga ranar ba a sake zuwa ɗaukar randa ba. Ban taɓa tambayarsa abin da ya je ya faɗa a ofis ba, shi ma bai taɓa gaya mini ba. Na dai ga waɗanda suka shiga aiki a bayansa sun wuce shi a muƙami, bai kuwa taɓa yi mini gori ba. Da daddare Inna ta zuba mana tuwo a kwano ɗaya, muka ci.

Yau duk sun tafi, Inna da Yaya da Baba Yohanna, Allah ya jiƙan kowa da rahamarsa. Maganar Yaya ta tabbata, motoci sun cika garin har mai tafiya da ƙafa ya rasa inda zai taka. Sai dai da ya hango motoci bai hango cewa masu ƙishi ba za su ƙare ba. Ruwa ya koma leda da roba, sai ka biya ka sha. Masu shiga benayen nan ba sa kallon randata, wasu ma toshe hanci suke yi wai kowa da kowa na sa baki a moɗa ɗaya. Amma masu turin baro na sha, 'yan dako na sha, masu gadin motocin nan da ke wuni a rana na sha. Jikana ya sha ce mini tana ɓata fuskar shago, ni kuma in ce masa fuskarsa ta fi ɓata shi. Ba randar da Yaya ya sha ba ce, waccan wata mota ce ta yi baya ta murƙushe ta shekarun baya, amma a ramin take, kan tsohon gindin.

Da samarin nan masu jan fenti suka iso ƙofarmu, rana ta riga ta take. Wanda ke riƙe da gwangwani ya jiƙe sharkaf da gumi. Na ga ya dubi randa, ya dube ni, ya sake dubanta. Yanzu ba ni da allurar da zan sa wa ido, sai na juya ina kallon bango. Na ji ya ajiye gwangwani, na ji moɗa ta nutsa, na ji ya yi hamdala. Sannan ya ɗauki burushinsa ya zana mini ƙatuwar alama a bango.

Ya ce, "Baba, don Allah a cire wannan randar kafin mu dawo. Ba laifinmu ba ne, aiko mu aka yi."

Na ce, "Na sani, ɗana. Wanda aka fara aikowa uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da shi. Ruwan ya yi sanyi?"

Ya yi murmushin kunya ya ce ya yi.

Da suka wuce na kira jikana na ce ya je ya bincika mini inda masu tukwane suka koma da kasuwarsu, ya zaɓo manya guda biyu ya ajiye a cikin shago. Ya ce, "Tsoho, ai wannan lafiyarta ƙalau, me za ka yi da wasu?" Na ce masa ya je dai, zai gani. Ƙafafuna ba sa ɗaukar garwa yanzu, da buta nake jido ruwan kaɗan-kaɗan ina hutawa a hanya. Yau da asuba ni na cika ta da hannuna, har baki.